Tambaya ga masu sanin ƙira: zanen da ake yi wa libarba ta tunawa, hannu ne ko inji?

Ɗan Zango:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, da fatan an wuni lahiya. Don Allah ina da tambaya ga waɗanda suka san harkar ƙarfe. Ni yaron shago ne wajen kawuna, maƙerin fari ne nan Damagaram, zobe da awarwaro da kuros muke yi, yawanci azurfa wani lokaci tagulla. To kwanan nan bidiyoyi ke ta faɗo mini a portabul na ƙananan bindigogin nan masu ganga mai juyawa, libarba, irin waɗanda ake yi don tunawa da wani abu ko a ba babban mutum kyauta, jikinsu kakaf zane ne, ganye na murɗewa yana shiga cikin wani ganyen, wani wurin ma har da zinariya kwance cikin baƙin ƙarfe. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Abin da nake son sani, da gaske hannun mutum ke yin wannan ko dai inji ne ake ɓoye mana? In hannu ne da me ake yanka ƙarfen, tunda ƙarfen bindiga ba azurfa ba ne da za ka kwarzana shi ya bi ka. Dalilin tambayar kuma, akwai wani dattijo a unguwarmu da za a yi wa naɗin sarauta bayan Sallah, 'ya'yanshi sun kawo takobi a yi mishi ado, kawu ya ce shi ƙota da kube zai yi wa azurfa, ruwan takobin ba ya taɓawa. Ni kuma so nake in ga irin wancan zanen ya hau ƙarfen kanshi. Zai yiwu?

Mushen Birni:

Wa alaikumus salam ƙanena. Amsar ita ce duka biyun akwai, kuma tun asali haka abin yake. Samuel Colt, Ba'amurken da ya yi rajistar libarbarshi a 1836, shi ya fi kowa gane cewa bindiga mai ado talla ce. A masana'antarshi ta Hartford akwai zanen da ake bugawa da inji, misali samfurin 1851 da suke kira Navy, a jikin gangar akwai hoton yaƙin jiragen ruwa na Campeche na 1843, wannan wani mai suna Ormsby ne ya sassaƙa shi a kan ƙarfen hatimi sai a dinga murza shi a kan kowace ganga, dubbai duk hoto ɗaya. Sannan akwai na hannu zalla wanda ake yi wa manya. A 1854, lokacin yaƙin Kirimiya, Colt ya kai wa sarkin Rasha Nikolas na ɗaya libarba masu zinariya, suna nan har yau a gidan tarihin Hermitage, kuma 'yar'uwar ɗaya daga cikinsu tana gidan tarihin Metropolitan a New York. Aikin ana danganta shi ga Gustave Young, Bajamushe ne da ya yi ƙaura zuwa Amurka, daga baya ya koma yi wa kamfanin bindiga na Smith & Wesson aiki. Da yawan gwanayen wancan zamanin Jamusawa ne, akwai Nimschke a New York da ya rasu a 1904, akwai Cuno Helfricht da ya yi wajen shekara 50 yana yi wa Colt zane. Bindigar Janar Patton na sojan Amurka mai ƙotar hauren giwa da ya saya a 1916 ma mai zanen hannu ce.

Amma ka lura da wannan, yawancin waɗanda ake sayarwa yau da sunan na tunawa, ana fitar da su ɗari-ɗari ko dubu da lamba a jiki da akwatin katako mai kyau, ba hannu ba ne. Ko hatimi, ko a ci ƙarfen da ruwan asid, ko lesa, sai a bi da ruwan zinariya. Na hannu daban ake yin odarsu, kamfanin Colt har aji-aji ya yi musu, A zuwa D, wato zanen ya rufe rubu'in bindigar, ko rabi, ko kashi uku cikin huɗu, ko duka.

Yadda za ka gane kuwa ko a hoto, ka ja hoton ya girma ka dubi layi ɗaya. Layin hannu yakan fara siriri ya yi ciki ya sake sirancewa kamar rubutun alƙalamin kara a allo, kuma bangon yankan yana ƙyalli don an yanke shi ne. Na lesa zurfinshi ɗaya daga farko har ƙarshe, cikinshi dishi-dishi, ƙonawa aka yi. Kuma in ka haɗa bindiga biyu na hannu ba za su taɓa zama daidai ba ko mutum ɗaya ya yi su. Har yanzu ana koyar da sana'ar, a Liyej ta Beljiyam akwai lakkol ɗin Léon Mignon, a Italiya kuma garin Gardone sun shahara da wani salo da ake cewa bulino, ɗigo-ɗigo ƙanana har hoton tsuntsu ko kare ya fito.

Jikan Maƙera:

Mushe ya gama da tarihi, bari ni in shiga wajen aikin tunda shi na fi sani. Mu gidan maƙeran baƙi ne, ni kuma na yi shekaru ina sassaƙa suna da lamba a kan plak da kofin gasa kafin in fara gwada baƙin ƙarfe.

Ɗan'uwa ƙarfe ke yanka ƙarfe, ba wani sihiri. Abin yankan ɗan guntun ƙarfe ne mai tauri sosai, bai wuce tsawon yatsa ba in wanda ake turawa da tafin hannu ne, an wasa bakinshi ya yi kusurwa uku. Fuskarshi ta gaba ana kwantar da ita wajen digiri 45, sannan a ƙarƙashi a yi mishi ɗan dunduniya ƙarami wajen digiri 15, kuma wannan dunduniyar ita ce sirrin duka, in babu ita bakin nutsewa zai dinga yi cikin ƙarfe ya kafe, ko kuma in ka zo kwana bayanshi ya dinga gurzar gefen layin yana ɓata maka. Wanda bai iya washi ba bai fara zane ba. Zaka ga rabin yininka a dutsen washi yake ƙarewa da farko, kar abin ya dame ka, kowa ta nan ya bi. Gwajin baki mai sauƙi ne, ka ɗora shi a farcen babban yatsanka, in ya kama ya yi, in ya zame koma dutse.

Hanyar yanka uku ce. Akwai ta guduma da kurfi wadda su Young suka yi aiki da ita, kana tsaye aikin na daure a matsi, hannun hagu riƙe da kurfi na dama na bugu da 'yar guduma mara nauyi, tak tak tak da sauri, kai kuma kana zagaya aikin da ƙafarka kana bin murɗin ganyen. In ka sa lup, gilashin ƙara girma, a irin wannan aikin za ka ga ƙananan matakala cikin layin, kowane bugu da sawunshi. Akwai ta turawa da tafin hannu, ita wannan matsin ne mai siffar ƙwallo mai nauyi yana juyawa, kuma abin da sabon shiga ba ya ganewa shi ne hannun dama kusan a tsaye yake, hagun ne ke juyo aikin ya shigo bakin. Ta uku ita ce ta zamani mai aiki da iska, akwai ɗan fistan cikin ƙotar yana yin bugun da guduma za ta yi, su GRS da Lindsay ke ƙera su a Amurka, mafi yawan bidiyoyin da kake gani ita ce. Wannan ma aikin hannu ne don ba ta san hanya ba, kai ke kai ta. Amma tana son kompresa da kuran, kai kuwa ka san yadda wuta take mana nan lokacin zafi, don haka ni guduma da kurfi nake ba ka shawara, kuma hannunka ya riga ya saba da su.

Kafin yanka sai an goge baƙin launin nan na jikin bindigar ƙarfen ya koma fari tas, in akwai wurin da aka ƙona ya yi tauri sai an sassauta shi. Sai a shafa farin fenti na ruwa siriri, a zana da kirayo, a bi da tsinken ƙarfe don kar gumin hannu ya share. Ƙashin bayan ganyen ake fara yankewa, wato dogon layin nan mai nannaɗewa, kuma nan ake gane gwani, in nannaɗin ya yi gwiwa ko ya baje a wuri ɗaya duk yawan ganyen da za ka jera mishi ba zai ɓoyu ba. Bayanshi ganye, bayan ganye a sauke bayan fage, ko a ƙwaƙule shi ko a bubbuga shi da madoshi mai ɗan rami a baki ya yi ƙwaya-ƙwaya, shi ke sa ganyen ya taso. Na ƙarshe inuwa, layuka sirara da ido da ƙyar ke raba su, suna tasowa daga gindin ganye suna bajewa. In yankan na tafiya daidai za ka ga ɗan zaren ƙarfe na nannaɗowa gaban bakin yana sheƙi bai katse ba har ka ɗaga hannu, ranar da ka fara ganin wannan a aikinka ba sai an faɗa maka ka kama hanya ba. In an gama sai a mayar da baƙin launin.

Ka nemi guntayen plak na baƙin ƙarfe mai laushi wajen masu sudir, ka goge su da sampepa, ka cika su da miƙaƙƙen layi, sannan lanƙwasa, sannan nannaɗi. Nimschke da Mushe ya ambata yakan ɗauki sawun kowane aiki da ya gama a takarda ya adana, littafin nan nashi har yau masu koyo na duba shi. Kai ma ka yi haka, ka kara plak ɗin a hayaƙin fitila ya yi baƙi, ka manna sikoc ka ɗaga ka liƙa a kaye, bayan wata shida ka jera su ka ga inda hannunka ya kai.

Tsohon Jandarma:

Yarona na ji daɗin tambayarka, kuma na ji daɗi da ka ce takobi ne a gabanka. Ni abu ɗaya zan ƙara. In hannunka ya faɗa wata rana wani zai shigo shagon da pistole a aljihu ya ce yi mini irin na bidiyo. Kada ka karɓa. A ƙasar nan riƙe bindiga sai da takardar izini daga hukuma, kuma in aka same ta a shagonku ba wanda zai tsaya jin cewa ado kake mata, kai da kawunka za a tafi da ku, balle a halin tsaron da muke ciki. Can inda ake wannan sana'ar ma masu karɓar bindigar mutane su yi mata zane da lasisi suke aiki, kuma lambar jikin bindiga ba a taɓa ta, goge ta laifi ne babba.

Sannan akwai haɗari a aikin kanshi. Bangon gangar nan tsakanin ramin harsashi da waje siriri ne, shi ke riƙe ƙarfin fashewar. Masu aikin sun san inda ake zurfafawa da inda ake shafa sama-sama kawai. Wanda bai sani ba ya zurfafa a wurin, ya raunana ta, mai ita ne zai rasa yatsu ko ido. Wuƙa, takobi, likkafa, linzami, farantin shayi, duk waɗannan fili ne a gare ka.

Ɗiyar Dukawa:

Sannunku da ƙoƙari. Ni ba maƙeriya ba ce, gidanmu aikin fata ake yi, amma magana ɗaya ta tsaya mini. Duk kun bi yaron nan da ganyen Turawa, to shi wannan ganyen na ina ne? A wace bishiya ta Damagaram ya gan shi? Mutumin da za a naɗa a fada zai rataya takobin ne kan babbar riga mai aska takwas, ya hau doki ranar hawan Sallah, sai a ce a jikin takobin zanen Jamusawa ne. Ku shiga Birni ku ɗaga kai ku dubi fuskar tsofaffin gidaje, zanen da magina suka yi a jikin soro, dagi da zagaye da murɗe-murɗe, ku dubi sirdi da jakar fata, ku dubi bayan ƙwarya. Kuros ɗin Zinder da shi kanshi yake yi a shago ai bayan an zuba shi an goge da magagari da hannu ake bin shi da zane. Kuma mu ba baƙi ba ne a harkar ƙarfe a garin nan, zamanin Sarki Tanimun da ya yi mulki har 1884 a nan Damagaram aka ƙera igwa. Ni dai a ganina ya karɓi dabarar yankan daga wajensu, wannan ba gardama sun yi nisa, amma abin da zai zana ya zama namu. Kuma namu ba shi da hoton mai rai, ba wanda zai ce maka wani abu in ka shiga da shi masallacin Idi.

Mushen Birni:

Hajiya maganarki na kan hanya, ban musa ba, kan takobin naɗi dagi ya fi dacewa nesa ba kusa ba. Sai dai ba zan ce ya bar nannaɗin kwata-kwata ba. Zanenmu na azurfa yawanci miƙaƙƙen layi ne da kusurwa da ɗigo, hannu ba ya koyon kwana a cikinsu, shi kuwa dagi duk kwana ne, layi na hawa kan layi yana shiga ƙarƙashi. Wanda ya iya nannaɗi ɗaya mai tsabta shi zai iya fitar da dagi ba gwiwa. Kuma cuɗanyar ba yau ta fara ba, da yawan tsofaffin takubban da ke hannun Buzaye da gidajen sarauta ruwansu daga Turai ya zo ta Sahara, irin na garin Solingen na Jamus, maƙeranmu suka yi musu ƙota da kube har suka ƙara musu tambarinsu na jinjirin wata. Ba wanda ya dubi takobin nan ya ce ba tamu ba ce.

Ɗan Zango:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Jandarma na ji kuma na riƙe, bindiga ba za ta shigo mana shago ba in sha Allah. Hajiya na nuna wa kawu maganarki ya ce ki gaida gida, ya ce abin da yake faɗa mini ke nan kullum. Saura abu biyu yayana Jikan Maƙera, zinariyar nan da ke kwance cikin ƙarfe narka ta ake yi a zuba ko yaya? Sannan shi ruwan takobin in gwada ko in bari?

Jikan Maƙera:

Ba a narka ta, da sanyinta ake sa ta. Ka yanka rami daidai faɗin zaren zinariyar, sai ka ɗauki wani siririn baki ka shiga ƙasan ramin ka ƙwaƙule gefe da gefe, ya zama cikin ramin ya fi bakinshi faɗi. Sai ka kawo zaren zinariya tsantsa, kara 24, wanda ka gasa ya yi laushi, ka kwantar a bakin ramin ka dinga bi da madoshin tagulla kana bugawa a hankali. Da yake tana da laushi sai ta baje ta cika ƙwaƙulen nan na gefe, shi ke nan ta kulle kanta, ba gam ba sudir. Abin da ya yi tudu ka share shi ya yi daidai da ƙarfen. In aka zo mayar da baƙin launi ƙarfen ne kawai ke kamawa zinariya ba ta kamawa, shi ya sa kake ganinta tana haske cikin baƙi. In ta 18 ce ko ta 21 irin ta kasuwa ta yi tauri, za ta dinga tsalle tana fitowa. Akwai wata hanyar ta mutanen Toledo da Eibar a Sifen, su kan karce fuskar ƙarfen ne gicciye da gicciye su danna zinariya a kai ta kama, tana da kyau amma ba ta kai ta rami jure guga ba. Kai da kuke da azurfa a shago da ita za ka koya, tsantsarta dai ba mai gauraye ba, ko jan ƙarfen wayar kuran in ka gasa shi, shi ma yana shiga lafiya lau kuma ba asara in ya lalace.

Maganar ruwan takobi kuwa kawunka ya fi ka gaskiya, ka bari. An riga an ba shi ruwa ya yi tauri, bakin kurfinka zai dinga karyewa ko ya zame ya ja maka dogon tabo, in kuma ka ce ka sa shi wuta ya yi laushi ka kashe takobin, mai yiwuwa ma na gado ne. Ga abin da za ka yi. Ka yanko plak biyu na azurfa ko tagulla, ka yi dagin a kansu a kan benci hankalinka kwance, in ɗaya ta ɓaci ka narka ka sake, in sun yi sai kawu ya ɗora su a giccen ƙotar da bakin kube. Sunan mai sarautar da shekarar naɗin su hau plak ɗin kuben da ajami, amma ka sa wani malami mai kyan hannu ya rubuta maka a takarda tukun ka kwafa, kada ka zana harafi daga ka. Daga nan zuwa Sallah lokacin zai ishe ka in ka fara yanzu. Ran Alhamis ina shigowa kasuwar Dole sayen gawayi, ka turo mini saƙo ta akwati in zo maka da baki biyu da na wasa ka ga yadda dunduniyar take, ka taho da dutsen washinku in duba shi.